Triangle: A Faɗa Mana Ma'anar Abin da Muke Haddacewa



A wannan fitowar za mu yi magana ne a kan kalma ɗaya tak ta Turanci, wato triangle. Mun san wani zai ce, duk matsalolin da ke gabanmu, ga ƙarancin benci, ga famfo da ba ya kawo ruwa, kalma ɗaya kawai kuka gani? A yi haƙuri a karanta zuwa ƙarshe. Kalmar nan ta cinye mana maki a tes ɗin da ya wuce, kuma mun zauna mun duba, mun ga laifin ba nata ba ne.

Tun muna firamare muke rera ma'anarta. Malam ya faɗa, mu amsa da ƙarfi har 'yan ajin da ke maƙwabtaka da mu su ji. In ka tashi ɗayanmu daga barci ka tambaye shi, zai zubo maka ita da Turanci ba gargada. Sai ga shi ran tes malamin lissafi bai ce a rubuta ma'ana ba. Siffofi biyar ya zana a allo, ya ce kowa ya zaɓi waɗanda suke triangle. Ta farko ita ce wadda muka saba gani a littafi, gindi a ƙasa, tsini a sama kamar rufin ɗaki. Ta biyu irinta ce amma an kifa ta. Ta uku doguwa ce siririya kamar tsinin mashi. Ta huɗu gefenta ɗaya a lanƙwashe yake. Ta biyar kuwa layukanta biyu ba su haɗu ba, an bar 'yar kafa.

Da yawa daga cikinmu ta farko kaɗai muka zaɓa. Wasu suka haɗa da mai lanƙwasa saboda ta yi kama da ta littafi. Da aka raba takardu, wani ɗan ajinmu ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, ai ta biyun nan a kife take.” Aji ya fashe da dariya, har da mu da muka faɗi tambayar kamar yadda ya faɗi. Amsar ita ce ta farko da ta biyu da ta uku. Mun haddace jimla, mun haddace hoto guda, amma abin da kalmar take nufi bai taɓa shiga kanmu ba.

Abin ya tsaya mana a rai. Sai mu 'yan kulob muka ari babban ƙamus a ofishin malamai muka duba. Ashe kalmar gida biyu ce. Tri na nufin uku, angle na nufin kusurwa. Kusurwa uku, shi ke nan. Asalinta ma daga Latin take, harshen Rumawan dā, ta biyo ta Faransanci kafin ta shiga Turanci. Wato su ma Turawan Ingila aro ta suka yi, kamar yadda muka aro sabulu da alƙalami daga Larabci. Shekara nawa muna jin tsoronta, ashe duk abin da take faɗa bai wuce “mai kusurwa uku” ba. Da mun san haka ran tes, da ƙirga kusurwa kawai za mu yi, mu duba ko layukan uku miƙaƙƙu ne kuma sun haɗe. A kife take ko a kwance, doguwa ce ko gajera, ba ruwanmu.

Da muka gane tri sai wasu kalmomin suka fara buɗewa da kansu. A daidaita sahun da muke hawa kullum, sunansa na Turanci tricycle, don ƙafa uku gare shi. Abin da mai hoto ke ɗora kyamara a kai ranar bikin yaye ɗalibai tripod ne, shi ma ƙafa uku. Yayyenmu na babbar sakandare suna ta ba mu tsoro da wani darasi wai shi trigonometry, suna cewa in mun je za mu gane kurenmu. Mun duba shi ma. Kalmar Girkanci ce, ma'anarta awon siffa mai kusurwa uku. Ba mu ce darasin zai yi sauƙi ba, amma aƙalla mun san sunan dodon.

'Yan Islamiyyar cikinmu suka ƙara mana da wani abu. Da Larabci ana ce wa siffar nan musallas, daga salasa, wato uku. Daga wannan tushen muka samo Talata, rana ta uku in ka fara ƙirga daga Lahadi, da talatin, goma sau uku. Ashe Balarabe da Bature duk abu ɗaya suka yi, ƙirgawa suka yi suka sa suna.

To mu fa? Muna da tamu kalmar, alwatika. Mun zagaya muka tambayi 'yan ajinmu ko sun san ta. Wasu sun taɓa ji a bakin kakanninsu, wasu sun ce sunan unguwa ne, wata kuma ta ce ta ɗauka sunan magani ne. Wannan ya fi faɗuwa tes ɗin ba mu kunya. Kalmar tana nan a ƙamus ɗin Hausa, tsofaffi sun san ta, amma ba a taɓa rubuta mana ita a allo kusa da 'yar uwarta ta Turanci ba, ko sau ɗaya.

Ra'ayinmu shi ne, duk lokacin da aka kawo mana sabuwar kalmar Turanci a lissafi ko kimiyya, a fasa mana ita gida-gida, a faɗa mana abin da kowane gida ke nufi, a ba mu sunanta da Hausa in akwai, sannan a nuna mana ita a cikin abin da muke gani kullum. Bayan haka sai a ce mu haddace. Yanzu haddar ce ke zuwa farko, kuma sau da yawa daga ita ba a ƙara komai.

Ku dubi sunayen ire-iren alwatika da suka fi wahalar da mu. Akwai isosceles, wadda ko rubuta ta sai an yi da gaske, har yau wasunmu suna mance harafin c ɗin da ke tsakiya. Da Girkanci ma'anarta ƙafafu daidai. Ka ɗauka mutum ne ya tsaya ya ware ƙafafunsa biyu, ƙasa ta zama gefe na uku. Ƙafafun nan biyu tsawonsu ɗaya. Wanda aka yi wa wannan bayani sau ɗaya, da wuya ya sake mancewa. Equilateral kuwa daga Latin take, gefuna daidai, duka ukun tsawonsu ɗaya, kowace kusurwa digiri 60. Scalene na nufin marar daidaito, kowane gefe da nasa tsawon. Bayanin duka ukun bai kai minti biyar ba. Mu kuwa mun yi mako biyu muna rikita su, muna canke a tes kamar masu wasan 'yar canke.

Haka maganar digiri 180. An ce mana in ka haɗa kusurwoyin alwatika uku za su ba ka 180, muka rubuta, muka ja layi a ƙasa da jan biro. Ranar da muka yarda da maganar a zuciyarmu ita ce ranar da wata 'yar aji uku a kulob ɗinmu ta yanko alwatika daga tsohuwar takarda, ta yage kusurwoyin uku, ta jera su kan benci tsini na taɓa tsini. Sai ga su sun yi miƙaƙƙen layi, shi kuwa miƙaƙƙen layi digiri 180 ne. Muka ce ƙila dace aka yi. Kowa ya yanko tasa, wani doguwa, wani mai faɗi. Duk suka ba da layi miƙaƙƙe. Da Hausa ta yi mana bayanin, a gindin bishiyar darbejiya lokacin tara, inda monita ba ya rubuta suna.

Wannan ya kawo mu kan maganar banakula. A ajinmu, in ka juya ka tambayi na kusa da kai da Hausa cewa me malam yake nufi, sunanka zai shiga takarda, ko tara ko sharar aji. Mun fahimci dalilin dokar. Ana so bakinmu ya saba da Turanci, kuma gaskiya ne in an sake mu wasunmu ba za su furta kalmar Turanci ko ɗaya ba daga safe har tashi. Amma ku dubi abin da dokar ke haifarwa a darasin lissafi. Wanda bai gane ba yana tsoron tambaya da Turanci kada ya yi kuskure a yi masa dariya, yana kuma tsoron tambaya da Hausa kada a ci shi tara. Sai ya yi shiru. Malam ya ce an gane? Mu amsa da ƙarfi cewa mun gane. Malam ya wuce gaba da zuciya ɗaya, mu kuma mu zauna da duhunmu har ranar tes.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne mutanen da ba su zauna a aji irin namu ba sun fi mu sanin alwatika. Akwai wani magini da ke aiki a bayan layinmu, wasunmu suka tsaya kallonsa yana fitar da harsashin ɗaki. Ya kafa turaku ya ja igiya, ya auna ƙafa 3 ta wannan gefe, ƙafa 4 ta wancan, sannan ya auna tsakanin alamomin biyu. Ya yi ta matsar da igiyar har sai da tsakanin ya zama ƙafa 5 cif. Muka ce, “Baba, me ya sa sai biyar?” Ya ce in ba biyar ba ce kusurwar ɗakin ba ta tsaya ba, kuma mai sa tayil zai zo ya zage shi. Wannan fa shi ne abin da ke cikin littafin lissafi da sunan Paitagoras, wani masani Bagirke da ya rayu fiye da shekara 2,500 da suka wuce. 3 sau 3 tara ne, 4 sau 4 sha shida, ka haɗa su ka sami 25, wato 5 sau 5. Duk alwatikar da gefunanta suka bi wannan lissafi tana da kusurwa mai digiri 90, irin kusurwar ɗaki. Baba magini bai ambaci sunan Bagirken ba, amma ɗakinsa ya tsaya daidai. Mu mun san sunan, har muna iya rubuta shi, amma da an miƙa mana igiyar da mun tsaya muna kallon juna.

Ku ɗaga kai ku dubi rufin ajin da silin ɗinsa ya faɗo. Katakan da ke riƙe da kwano duk alwatika kafinta ya haɗa su. Ku dubi ƙarfen sabis na kamfanonin waya, da manyan turakun wutar lantarki na bayan gari, da jikin keken da kuke hawa zuwa makaranta. Akwai dalili. Ka haɗa kara huɗu da ƙusa a kusurwoyi, ka tura gefe ɗaya, za ka ga siffar ta karkace. Ka haɗa kara uku ka tura, ba za ta motsa ba sai dai karan ya karye, domin in tsawon gefuna uku ya tabbata, siffa ɗaya ce kawai za su iya bayarwa. Shi ya sa in benci ya fara rawa kafinta ke buga masa katako a karkace. Mun gwada da karan dawa, kowa ma zai iya gwadawa a gida.

Ko hanyar da muka taka a tsakiyar filin ƙwallo, wadda ake ta yi mana faɗa a kanta, dokar alwatika ce. Gefe ɗaya kullum ya fi gefe biyu a haɗe gajarta, shi ya sa mai makara ke ratsawa ta tsakiya maimakon ya bi ta gefen fili ya sha kwana. Ba muna cewa a ci gaba da kashe ciyawar ba ne.

Kalmar kuma ba a lissafi kaɗai take ba, shi ya sa rashin saninta ke bin mu zuwa wasu darussan. A kimiyya an koya mana alwatikar wuta: zafi, da abin ƙonewa, da iskar oksijin. In ka cire ɗaya wuta ta mutu, dalilin da ya sa ake rufe tukunyar man da ta kama da wuta da murfi ke nan, ba a zuba mata ruwa. A tarihi akwai cinikin bayi da ake kira da sunan alwatika, saboda jiragen ruwa kan tashi daga Turai da kaya zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, su kwashi mutane zuwa nahiyar Amurka, su koma Turai da sukari da auduga da taba. Tasha uku, hanya uku. Wanda ya san tri zai ga taswirar a kansa tun kafin a zana ta. Akwai kuma wani yanki na tekun Atilantika tsakanin Fulorida da Bamuda da Fato Riko da ake kira da sunan, wanda masu bidiyon waya ke son ba da labaran ban tsoro a kansa. A kan titi ma, alamun gargaɗi da yawa alwatika ne, haka abin nan ja mai ƙyalli da ya kamata direba ya ajiye a bayan mota in ta lalace, ko da yake a hanyoyinmu an fi ganin ganye. Samosar da ake sayarwa a bakin get ma ba mu mance da ita ba.

Mun san abin da za a ce mana, domin an riga an faɗa. Jarrabawar aji uku da Turanci za ta zo, ba wanda zai rubuta mana alwatika a takardar tambaya. Gaskiya ne. Mu ma ba mu ce a cire kalmar Turanci ba, muna son ta, muna so mu iya rubuta ta da furta ta daidai. Amma tes ɗin da muka faɗi da Turanci aka yi shi, kuma haddar Turancin ba ta cece mu ba. Wanda ya gane abu da harshen da yake tunani da shi, saka masa sunan Turanci a kai ba wuya. Malamin da ke kula da kulob ɗinmu ya ba mu labarin wani gwaji da aka fara a Ile-Ife a 1970 ƙarƙashin Farfesa Babs Fafunwa, wanda daga baya ya zama ministan ilimi. An koyar da wasu yara darussan firamare da Yarbanci tsawon shekara shida, Turanci kuma ana koya musu shi a matsayin darasi guda. Da aka gwada su da sauran yara, ba a bar su a baya ba, har a Turancin ma. Mu abin da muke roƙo bai kai nasu ba ko kusa. Minti biyar ne a farkon sabon darasi.

An kuma ce akwai 'yan ajinmu da Hausa ba harshen gidansu ba ne. Wannan magana ce mai nauyi, kuma ba ma so a bar kowa a baya. Amma fasa kalma gida-gida kowa zai amfana da shi, domin tri uku ne ko da wane harshe kake magana a gida. In ma akwai mai jin Fulatanci ko Kanuri ko Yarbanci ko Ibo a aji, a tambaye shi yadda suke cewa uku da kusurwa, mu ma mu ƙaru.

Maganar da ta fi ƙarfi ita ce ta lokaci. Darasi minti arba'in ne, aji a cike maƙil, ga manhaja da ake so a gama kafin ƙarshen zango. Mun ga yadda malamanmu ke fita da alli har gira, murya a dishe, ba mu raina ƙoƙarinsu ba. Sai dai mun lissafa, bayan tes ɗin nan sai da malam ya sake ɗaukar darasi guda cur yana gyara mana abin da aka riga aka wuce. Da an kashe minti biyar tun farko, da minti arba'in ɗin nan sun tafi kan sabon abu.

Mu ma ɗalibai da namu laifin. Ƙamus ɗin nan ya daɗe a ofis, ba wanda ya hana mu aro. Muna da baki amma muka ce mun gane alhali ba mu gane ba. Kuma mu ne masu yi wa wanda ya yi tambaya dariya, har ya rantse ba zai sake ɗaga hannu ba. Ɗan ajinmu da ya ce alwatika a kife take, shi kaɗai ya yi ƙarfin halin faɗin abin da ke ran rabin aji, kuma har yau ana tsokanarsa da sunan “A Kife”. A daina, don Allah.

Roƙonmu ga shugaban makaranta da malamanmu guda biyu ne. A fasa mana sababbin kalmomi kafin a ce mu haddace su. Sannan a ɗage tarar banakula ga wanda ya ɗaga hannu ya yi tambaya a kan darasi, ko da minti biyar na ƙarshe ne kawai za a ware don haka. Mai hira da surutu a ci gaba da rubuta sunansa, ba mu da ta cewa.

Mu kuma a namu ɓangaren, daga mako mai zuwa za mu ware kusurwar dama ta wannan bango don kalmar mako. Za mu ɗauko kalma ɗaya daga lissafi ko kimiyya, mu fasa ta, mu kawo Hausarta, malami ya duba kafin mu manna. Rectangle ce za ta fara, tunda rabinta mun riga mun sani. Duk mai kalmar da ke ba shi wahala ya rubuta a 'yar takarda ya jefa a kwalin da ke ƙarƙashin allon sanarwa, ba sai ya sa suna ba.

Kafin nan ga tambaya. An ba ka kara uku, ɗaya santimita 2, ɗaya santimita 3, ɗaya santimita 6. Za ka iya haɗa alwatika da su ba tare da ka karya ko ɗaya ba? A gwada da kara na gaske kafin a amsa, a kuma rubuta dalili, da Hausa ko da Turanci. Za mu buɗe kwalin ranar Alhamis bayan tara.